Jiragen Ruwa na SL-7: Daga Dakon Kwantena Zuwa Jigilar Kayan Yaƙi

SL-7 jiragen ruwa ne guda 8 da kamfanin Sea-Land na Amurka ya sa aka ƙera masa a Holan da Jamus ta Yamma a shekarun 1972 da 1973 domin dakon kwantena. Tsawon kowanne ya kai mita 288, gudunsa kuwa kimanin kilomita 61 a awa, abin da ba a saba gani ba ga jirgin kaya mai wannan girma. Sai dai gudun nan da mai ake sayensa. Da farashin man ya yi tashin gwauron zabi daga 1973, riba ta gagara.

A 1981 da 1982 rundunar sojan ruwan Amurka ta saye su duka. Matsalar soja dabam take da ta ɗan kasuwa. Jirgin sama na iya kai dakaru fagen daga cikin kwana guda, amma tankokin yaƙi da manyan motoci masu yawa sai ta teku, kuma jirgin kaya na yau da kullum ba ya sauri. Aka yi wa jiragen kwaskwarima, aka buɗe musu ƙofofi a gefe da gadojin hawa ta yadda tanka za ta shiga da kanta ta fita da kanta, aka ƙara musu injinan ɗaga kaya. Aka kuma sauya musu sunaye zuwa na taurari, irin su Algol, Capella da Antares, da sharaɗin su kasance a shirye cikin kwana 4 in an kira su.

Ranar gwaji ta zo a Agustan 1990, bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait. Jiragen suka kwashi kayan Runduna ta 24 ta sojan ƙasan Amurka daga tashar Savannah zuwa Saudiyya. Antares bai kai ba. Injinsa ya lalace a Tekun Atalantika, aka ja shi zuwa Sifaniya, aka sauya wa kayansa jirgi. Ba abin mamaki ba ne ga injin tururi da ya daɗe a ajiye. Sauran bakwai ɗin suka ci gaba da kai da komo har ƙarshen yaƙin da ya biyo bayan mamayar, suka ɗauki kusan kashi 13 cikin 100 na kayan da aka kai daga Amurka.

Daga baya aka miƙa jiragen ga hukumar kula da sufurin ruwa ta Amurka, suka shiga sahun jiragen ko-ta-kwana.