Tarihin Ruwan Rijiya a Ƙasar Karaye da Rogo

Duk wanda ya ji an ambaci Daura, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne rijiyar Kusugu, da macijin nan da aka ce ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Jumma'a kaɗai, har Bayajida ya zo ya kashe shi. To, akwai wata Daura kuma, ƙarama, a ƙasar Karaye, yamma da birnin Kano, ba nisa da ƙasar Rogo. Ita ba a taɓa jin labarin maciji a rijiyarta ba, amma da ita da sauran garuruwan wannan gefe sun daɗe suna fama da waɗansu abubuwa masu tsare bakin rijiya, watau dutse, da fari, da ƙazantar da ido ba ya gani.

Kafin a gane wannan tarihi sai an san abin da ke ƙarƙashin ƙasar. A gabas, wajen Haɗeja da Gumel, ƙasa rairayi ce da yumɓu, hawa bisa hawa, masu riƙe ruwa da yawa. Amma a yammacin Kano, in mahaƙi ya wuce ƙasar noma da marmara, sai ya tarad da ruɓaɓɓen dutse, can ƙasa kuwa fa ne tsantsa, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Ruwan sama da ya nutse a damina ba shi da wurin zama sai cikin ruɓaɓɓen dutsen nan da tsagogin fan. Saboda haka ajiyar ba ta da yawa, kuma ba daidai take ko'ina ba. Mutum ya haƙa rijiya ya sami ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa tasa ya ci karo da dutse. Damina kuwa wata huɗu ce zuwa biyar, abin da ta zuba shi za a yi ta ja har wata ta kewayo.

A zamanin da, mutane sun san wannan da gwaji, ko da yake ba su rubuta ba. Mahaƙa rijiya sukan dubi irin itatuwan da suka tsiro a wuri, da yadda ƙasa ta kwanta, kāna su sa diga. Akan jera itace a bakin rijiya don kada ya zube, a riƙa ja da wasaki da igiya, in ta cika da laka a kira masu yasa. In bazara ta yi tsanani rijiyoyi suka ja baya, sai mata da yara su nufi rafi su tona yashi, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo, ko kuwa a koma ga kududdufi da tafki inda dabbobi ke sha. Daga nan ne kurkunu ke shiga jikin mutum. Yakan yi wajen shekara guda a ɓoye, sa'an nan ya huda ƙafa ya fito, sau da yawa daidai lokacin da aikin gona ya kankama, ya kwantad da magidanci a ɗaka ciyawa tana cin hatsinsa.

Binciken ruwan ƙasa irin na zamani ya soma ne bayan da Gwamnati ta kafa Ma'aikatar Binciken Duwatsu ta Nijeriya cikin 1919, ƙarƙashin Dokta J. D. Falconer. Da fari hankalinta yana kan ma'adinai ne, irin su kuza da kwal. Daga wajen 1928 ta juya ga neman ruwa a garuruwan Arewa, aka fito da dabarar gina rijiya da kankare tun daga baki har ƙasa, a ɗaga mata baki don kada ruwan kwata ya koma ciki. Baitulmalin En'e ya ɗauki rabo mai yawa na kuɗin wannan aiki. A birnin Kano kuwa, cikin 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin famfo da ke jawo ruwa daga kogin Challawa, kogin da ke ratsa ƙasar Karaye kafin ya isa can. Cikin 1965 waɗansu masana biyu na ma'aikatar nan, J. W. du Preez da W. Barber, suka buga littafi a kan yadda ruwan ƙasa ya rarrabu a Jihar Arewa da irin gishirin da ke cikinsa. Abin da awo ya nuna game da ƙasar duwatsu irin ta Karaye shi ne, ruwanta galibi mai daɗi ne, ba shi da zartsi sosai. Aibinsa ƙaranci ne, da kuma kusancinsa da bisa, inda ƙazanta ke iya riskarsa.

Sai fari ya zo. Daga 1972 zuwa 1974 ruwan sama ya yi ƙaranci a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, amfanin gona ya lalace, dabbobi suka mutu, rijiyoyi da yawa suka ƙafe. A lokacin Audu Bako ne Gwamnan Jihar Kano, wadda aka ƙirƙiro cikin 1967, shi kuwa ra'ayinsa shi ne a tare ruwan damina kada ya wuce a banza. Aka gina madatsar Bagauda, aka gama ta Tiga cikin 1974, aka yi waɗansu ƙanana a wurare dabam dabam. Kusa da Karaye akwai madatsar Kusalla, wadda aka kafa wa wurin tace ruwa. Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda a ƙarƙashinta aka kammala babbar madatsar Challawa a ƙasar Karaye cikin 1992. Tsayinta mita 42 ne, tsawonta kusan kilomita 8, tana iya riƙe ruwa wajen mita kubik miliyan 900.

Madatsar ta kawo kamun kifi da noman rani, ta kuma sa kogin yana gudu rani da damina har zuwa wuraren tace ruwan birnin Kano. Amma ta ci gonaki da ƙauyuka, aka ta da mutane daga mazauninsu. Har wa yau, shi kogin Challawa in ya haɗu da kogin Kano su ne ke zama kogin Haɗeja, wanda ambaliyarsa ta kowace shekara ke shayad da fadamun Haɗeja da Nguru. Masu bincike sun nuna cewa wannan ambaliya ita ke cika rijiyoyin can, kuma da aka tare ruwa a Tiga da Challawa sai ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Ashe ruwan kogi da ruwan rijiya jiki ɗaya ne, wanda ya taɓa shi a Karaye ya taɓa gugan mutumin Nguru.

Su kuwa ƙauyukan da ke nesa da bututu, madatsa ba ta raba su da rijiya ba. Abin da ya sake musu hali shi ne rijiyar burtsatse. Cikin shekarun 1980, da taimakon Bankin Duniya, hukumar KNARDA ta Jihar Kano ta haƙa irinta da yawa a karkara, aka ɗora musu famfon tuƙa-tuƙa. Kafin a haƙa akan auna ƙasa da na'ura mai tura lantarki, domin wurin da ke da damshi ya fi busasshen fa barin lantarki ya wuce, ta haka ake gane inda tsaga take. Wannan ruwa, tare da tace na tafki da ƙyalle, shi ya taimaka aka ga bayan kurkunu. Cikin 1988 an ƙidaya masu ɗauke da shi fiye da 650,000 a Nijeriya. Na ƙarshe an same shi cikin 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shaida an rabu da shi cikin 2013. Sai dai famfo ƙarfe ne, yana lalacewa. Inda ba a shirya wanda zai gyara ba, ba a kuma tara kuɗin kayan gyara ba, sai ya zama rijiya ta bayar guga ya hana, mutane su koma wa tafkin da suka baro.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu bincike a shekarun baya-bayan nan shi ne lafiyar ruwan kansa. Jama'a ta ƙaru, gidaje sun matsu, har salga da rijiya sukan zauna cikin gida guda, taki kaɗan tsakaninsu, alhali masana sun ce ya kamata a bar wajen mita 30. Takin zamani da ake zubawa a gona shi ma yana nutsewa tare da ruwan sama. Cikin 2007 Nijeriya ta kafa ma'aunin ruwan sha na ƙasa. A cikinsa an ƙayyade cewa kada a sami ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida ko ɗaya cikin mililita 100, kada gishirin taki da ake kira naitiret ya wuce miligiram 50 cikin lita guda, dalma kuwa kada ta wuce 0.01. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke sake launin ruwa. Ruwa yana iya zama garau cikin randa, ga sanyi ga daɗi, amma yana ɗauke da amai da gudawa ko zazzaɓin taifot. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam ko kimar bai sani ba, sai an kai ɗakin awo.

Mai karatu ya ga yadda kowane zamani ya kashe nasa maciji, wani ya ɗago kai. Kankare ya hana rijiya rushewa, madatsa ta tare ruwan damina, burtsatse ta ratsa dutse. Aikin da ya saura ba na jarumi ɗaya ba ne mai takobi. Na dagaci ne da mai unguwa, su lura da inda ake haƙa salga. Na jama'ar gari ne, su tara kuɗin gyaran famfonsu tun bai tsaya ba. Na hukuma ne kuma, ta riƙa auna zurfin rijiyoyi rani da damina, tana gwada ruwansu, tana rubutawa, domin a san abin da damina ta ajiye kafin a san abin da za a ɗiba.