Ƙarin Ɗaki a Kan Ƙasar Nok: Tarihin Ikon Gini a Karkarar Kwoi, 1910 zuwa 2003

1.0 Gabatarwa

Garin Kwoi shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, kuma a nan ne fadar Kpop Ham take, wato sarkin al'ummar Ham waɗanda Hausawa suke kira Jaba. A cikin wannan ƙaramar hukuma ne ƙauyen Nok yake, ƙauyen da aka laƙaba wa sunansa wata daɗaɗɗiyar al'ada ta ƙera mutum-mutumin gasasshen yumɓu. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata tambaya da ake yi wa kallon ƙarama: idan magidanci a wannan karkara ya tashi ƙara ɗaki a gidansa, wa yake da ikon ya ce a gina ko kada a gina? Za a ga cewa dokokin da aka yi tun daga 1910 sun tsare ƙasa, sun tsare itace, sun kuma tsare abin da yake binne, amma ba a sami wadda ta ɗauki karkarar dunƙule a matsayin abin tsarewa ba.

2.0 Gida da ɗaki

Ya kamata a fara da kalmomin kansu. A Hausa, wadda ita ce harshen hulɗa tsakanin al'ummomin wannan yanki, gida ba gini ɗaya ba ne. Fili ne kewayayye mai ɗakuna da rumbuna da tsakar gida, kuma ba a taɓa cewa an gama shi. Ɗa ya isa aure, a yanka masa sashe. Amarya ta tare, a ƙara ɗaki. Tsoho ya rasu, ɗakinsa ya zube ko a mayar da shi ma'ajiya. Saboda haka abin da dokar Bature take ɗauka a matsayin ƙari a kan kammalallen gini, wanda sai an nemi izini, a nan shi ne ainihin yadda gida yake rayuwa. Masu yanke shawara a kansa su ne mai gida da dattawan dangi. Sai an taɓa iyakar maƙwabci ko hanya ko wani kurmi da al'ada ta keɓe ne magana take kaiwa gaban mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi.

Abin da ya sauya a ƙarni na 20 shi ne kayan gini da kuɗin sayensu. Ƙasar Ham tana cikin manyan wuraren noman citta a Nijeriya, kuma kuɗin citta da albashin 'ya'yan da suka yi boko su suka mayar da jinka ta zama kwano, tubali ya zama bulo. Ɗakin bulo kuwa yana buƙatar harsashi mai zurfi da ramin shadda, ga kuma yashi da ake ɗebowa daga rafi. Wato dai yau mai gini yana shiga cikin ƙasa fiye da yadda kakansa ya shiga.

3.0 Dokokin zamanin Turawa

A 1910 gwamnatin mulkin mallaka ta ayyana dukkan ƙasar Arewa a matsayin ƙasar 'yan ƙasa wadda take ƙarƙashin kulawar Gwamna. An sake tabbatar da wannan a 1916, sannan Dokar Mallakar Ƙasa ta Arewa ta 1962 ta gaje shi. Waɗannan dokoki sun yi magana a kan wanda yake riƙe da fili, ba su ce komai a kan abin da zai gina a ciki ba. Ƙa'idojin gini sun zo ne ta wata hanya dabam, wato Dokar Garuruwa ta 1917, kuma ba su wuce iyakar garuruwan da aka ayyana ba. Shi ya sa gari irin Kafanchan, wanda ya bunƙasa bayan ya zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, ya san layi da fuloti da duba-gari, alhali ƙauyukan da suke kewaye da shi ba ruwan hukuma da tsarin gininsu.

Inda hukuma ta ja layi sosai a karkara shi ne gandun daji. A gandaye irin na Nimbia da na Kagoro-Nindam an hana saran itace da noma da kafa gida, kuma malamin daji na En'e ya isa ya kama mai laifi. Amma wannan tsaro na hani ne tsantsa: cikin layi ba gini sam, wajen layi kuwa kowa ya yi yadda ya ga dama. Ba a samar da matsayi na tsakiya ba, inda mutane za su zauna su yi gini amma bisa sharaɗi.

A nan ne tarihin Ingila yake da amfani. Dokar Tsara Birane da Karkara ta Nijeriya ta 1946 an kwaikwayo ta ne daga dokar Ingila ta 1932, wadda ba ta aiki sai a wurin da aka zana wa tsari na musamman. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a 1947, Ingila ta yi watsi da wannan salo, ta wajabta neman izini kafin kowane sabon gini a duk faɗin ƙasar. A 1949 kuma ta yi dokar keɓe yankunan karkara masu ban sha'awa, waɗanda mutane suke zaune a ciki suna noma, amma ƙarin ɗaki a gefen gida ko ɗaga rufi sai da amincewar hukuma. Nijeriya ta riƙe tsohon salon har shekara 46, ba ta sauya shi ba sai da Doka ta 88 ta 1992.

4.0 Abin da yake ƙarƙashin harsashi

A 1928 ne masu haƙar kuza suka tono wani ɗan ƙaramin kai na yumɓu a Nok. Ba a gane darajarsa ba sai bayan 1943, lokacin da aka kai wa Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanci ilimin tone-tonen tarihi, wani kan da aka samo a kusa da Jama'a, wanda har an kafa shi a gonar doya don korar ɓarna. Fagg ya ga kamannin da ke tsakanin su biyun, ya raɗa wa al'adar suna Nok, ya kuma jagoranci buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Dokar Kayan Tarihi ta biyo baya a 1953, sannan Doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa.

Dokar 1979 ta hana tono don neman kayan tarihi ba tare da izini ba, ta hana cinikinsu, ta kuma wajabta wa duk wanda ya ci karo da su ya sanar da hukuma. Sai dai ikonta a kan gini bai wuce wurin da aka ayyana shi a matsayin wurin tarihi na ƙasa ba. Matsalar kuwa ita ce al'adar Nok ba ta bar ganuwa ko fada da za a kewaye ba. Binciken da masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka fara a 2005, musamman a yankin Janjala na ƙaramar hukumar Kagarko, ya nuna cewa mutanen Nok sun rayu daga wajen shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwa dab da haihuwarsa, a ƙananan matsugunai warwatse, suna noman gero. Abin da suka bari ramuka ne masu tsingaro da gawayi da gutsattsarin mutum-mutumi, ba su da zurfi, kuma ba alamar da take nuna su a sama. Duk gonar citta da duk kangon gida na iya zama ɗaya daga cikinsu.

Ba mai ƙarin ɗaki ne ya yi babbar ɓarnar ba. Masu tonon sata ne, waɗanda suka yi kaca-kaca da yankin a shekarun 1990, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok a jerin waɗanda ake fargabar salwantarsu a shekara ta 2000. Amma wannan ciniki ya koya wa kowa cewa abin yana da kuɗi. Magidancin da digarsa ta fasa kan yumɓu yana tsakanin abu uku: ya kai rahoto ya jawo wa kansa jami'ai da tsayawar aiki, ko ya mayar da ƙasa ya yi gum, ko ya nemi dillali. Dokar ta tanadi hukunci ga wanda ya ɓoye, ba ta shimfiɗa wata hanya mai sauƙi da mai gaskiya zai gama ɗakin amaryar ɗansa kafin damina ba.

5.0 Rabuwar iko

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamna, ta bar masa filayen birni, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallakar gargajiya a filayen karkara. Dokar 1992 ta so ta wajabta izinin gini a ko'ina ta hanyar hukumomi a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Sakamakon haka fili ɗaya a bayan gari yana da iyayen gida huɗu: samansa na ƙaramar hukuma, izinin gininsa na jiha ta hannun hukumar KASUPDA, kuzar da take ciki ta tarayya, kan yumɓun da yake kusa da kuzar kuma na wata hukumar tarayya dabam. Dagaci, wanda shi ne kaɗai yake sanin ranar da aka fara haƙa harsashi, ba shi da gurbi a cikin ko ɗaya daga waɗannan dokoki.

Akwai wurin da aka gwada wata hanya. Sukur ta Jihar Adamawa ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1999 a matsayin karkara mai mutane a ciki, da fadar Hidi da gonakin tudu da hanyoyin dutse duka, kuma da sarkin da dattawansa ake kula da ita. Nijeriya ta sami wuri na biyu, kurmin Osun na Osogbo, a 2005. Nok ba ta cikin jerin.