Tarihin Motar Tsere a Cikin Kwali

Duk wanda ya taɓa haɗa motar kara ko ta gwangwani yana yaro zai gane daɗin da muke ji idan muka buɗe kwalin ƙaramar motar roba ta haɗawa. A ciki akwai gangar jiki, inji, tayoyi da kujera, kowanne a ware, sai mun sa gam da fenti da haƙuri. Ma'auninta kashi 1 cikin 25 ne, wato mota mai tsawon mita 5 ta koma santimita 20. Irin waɗanda muka fi so su ne motocin tseren Amurka da ake kira Modified, ma'ana motar gida da aka sauya wa fasali, kuma labarinsu ya girmi robar.

Daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta haramta sayar da giya, bayan an ɗage dokar kuma masu dafa ta a ɓoye a kudancin ƙasar suka ci gaba don gudun haraji. Masu yi musu dako suna buƙatar mota mai kamar ta kowa a ido, amma mai tsere wa jami'an gwamnati. Ford mai injin V8, wanda ya fito a 1932, ita ta biya musu buƙata. Makanikai suka ƙara wa injin ƙarfi, direbobi kuma suka fara gwada juna a filayen ƙasa a ƙarshen mako.

A Disamban 1947 Bill France ya tara masu harkar a wani otal a Daytona Beach, jihar Florida, inda aka tsara ƙungiyar NASCAR. Tserenta na farko, ranar 15 ga Fabrairu 1948, na motocin Modified ne, kuma Red Byron ya ci shi da Ford. Sai a 1949 aka fara tseren sababbin motoci, wanda daga baya ya kwashe suna da kuɗi. Modified ta zama ta masu ƙaramin ƙarfi: a sayo tsohuwar mota daga bola, a yanke madigadi don manyan tayoyi su samu wuri, a cire gilashi da fitilu, a yi waldar kejin bututun ƙarfe don kare direba. Fitaccen gwaninta shi ne Richie Evans mai mota lamba 61 ruwan lemo, wanda ya ci kambun ƙasa sau 9 kafin ya rasu a hatsari a Martinsville a 1985.

A shekarar 1948 ɗin dai aka kafa kamfanin AMT a jihar Michigan. Da farko yana yi wa dillalan motoci ƙananan samfurori ne na talla. A 1958 ya fara sayar da su a wargaje cikin kwali, tare da kayan da za a haɗa mota ɗaya ta fuska uku: ta gida, ta ado ko ta tsere. Ana yin su ne ta hanyar ɗura narkakkiyar roba cikin mazubin ƙarfe, kuma sassaƙa mazubin shi ne abu mafi tsada a sana'ar.

A farkon shekarun 1970 kamfanin ya waiwayi tsofaffin mazubansa na motocin shekarun 1960 da kasuwarsu ta mutu, irin su Ford Fairlane ta 1965 da Buick Skylark ta 1966. Sai ya yi musu abin da makanikai ke yi wa motocin gaske. Aka faɗaɗa gurbin tayoyi, aka shafe adon jiki, aka fito da jerin da aka sa wa suna Modified Stocker. An samu ciniki, amma an yi asara: mazubin da aka yanke ba ya sake fitar da motar yadda take tun asali. Shi ya sa tsofaffin kwalaye na kafin yankan suke tsada a hannun masu tarawa. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta ba ma taɓa aiki sai mun ajiye kwafinsa, don in an yi kuskure a koma baya. Ƙarfe ba ya ba da wannan dama.

Duk da haka ba ma ganin laifin masu yankan sosai. Motocin gaske da suka kwaikwaya ba a ƙera su don ajiya ba. Mota takan yi kaka biyu ko uku, ta yi karo, a cire injin a sa wa wata, gangar ta koma bola. Abin da ya rage na yawancinsu hoto ne mara launi da tunanin dattawan da suka kalli tseren. Kamfanin Round 2, wanda ke riƙe da sunan AMT yanzu, ya sake fito da wasu daga cikin jerin, don haka robar ta fi motocin tsawon kwana.

Wannan ne ya sa haɗa su ya zama aikin bincike. Kafin mu buɗe gam sai mun zauna da hoton wata mota guda, mu duba inda aka yanke madigadi, ta wane gefe salansa ta fito, yadda mai fenti ya karkata lambar a ƙofa. Inda kwalin ya saɓa wa hoton, hoton muke bi, mu sa wuƙa da samfefa mu gyara. Wani lokaci har lotsawar ƙofa muke kwaikwaya da ɗan zafin wuta. Kuma kafin wuƙa ta taɓa robar mukan auna sau biyu, domin abin da muka yanke ya yanku ke nan.