Sammy Lee: Gwanin Alkafura da Ya Koyi Faɗa wa Ruwa a Ramin Yashi

A shekarun 1930 akwai wani tafkin iyo na hukuma a lambun Brookside da ke garin Pasadena, jihar Kalifoniya ta Amurka. Rana ɗaya tak a mako ake barin baƙar fata da 'yan asalin Meziko da na Asiya su shiga, kuma an zaɓi ranar ne don a ƙa'ida washegari ake zubar da ruwan a zuba sabo, kafin fararen fata su dawo. Cikin yaran da ke jiran wannan rana akwai wani ɗan gajere mai suna Sammy Lee, wanda aka haifa a Fresno a 1920, iyayensa baƙi daga Koriya.

Yana da shekara 12 aka yi gasar Olamfik ta 1932 a Los Angeles, inda iyalinsu suka koma da zama. Tun daga nan ya ƙudurta sai ya ci zinare. Mahaifinsa kuwa, mai ɗan gidan sayar da abinci, likita yake so ya zama. Yaron ya ɗauki duka biyun.

Wasan da ya zaɓa ba na mai raunin zuciya ba ne. Mutum zai hau dakali mai tsayin mita 10, kusan bene mai hawa uku, ya tsaya a gefe, ya cilla kansa sama, ya yi alkafura da juyi, sannan ya miƙe sambal ya huda ruwa. Duka wannan ba ya kai daƙiƙa biyu, kuma yana isa ruwan ne da gudun kusan kilomita 50 a awa. Dakalin tsaye yake daram, ba ya taimaka wa kowa, saɓanin katakon mita 3 mai lanƙwasawa da ke wurga ɗan wasa sama. Alƙalai na duba tashi da tsarin jiki a iska da yadda aka shiga ruwa, kuma wanda ya fantsama ruwa da yawa ya zubar da maki. Irin wannan gwaninta sai da maimaici kullum. To, ina mai rana ɗaya a mako zai kai?

Kocinsa, Jim Ryan, ya samo dabara. Ya haƙa rami a bayan gidansa, ya cika shi da yashi, ya kafa katakon tsalle a kai. Nan Lee ya riƙa yin alkafura yana dira da ƙafa, don yashi ba ya yafe wa wanda ya zo da ka. Wahalar ta ƙarfafa masa ƙafafu, ta kuma koya masa sanin inda jikinsa yake a iska. Kada dai wannan ya sa a ga kamar wariyar ta yi masa rana. Zalunci ne aka yi wa yaro, kuma Allah kaɗai ya san adadin masu baiwa irin tasa da ba su sami koci mai haƙa musu rami ba.

A 1942 ya zama zakaran Amurka a dakali da katako duka. Yaƙin duniya na biyu ya cinye gasar Olamfik ta 1940 da ta 1944, wato shekarun da yake kan ganiyarsa. Bai zauna jira ba. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1947, ya shiga sashen lafiya na rundunar sojan ƙasa, daga baya ya ƙware a ciwon kunne.

A Landan a 1948 ya ci tagulla a katako, sannan, yana da shekara 28, ya hau dakali ya rufe wasansa da alkafura uku da rabi ta gaba, abin da 'yan wasan zamanin ba kasafai suke gwadawa ba. Ya ci zinare, ya zama namiji na farko ɗan asalin Asiya da ya ciyo wa Amurka wannan lamba. A gasar ce kuma aminiyarsa Vicki Draves, wadda mahaifinta ɗan Filifin ne, ta kwashe zinare biyu na mata. Bayan shekara huɗu, ana tsakiyar yaƙin Koriya, Manjo Lee ya je Helsinki ya sake cin dakalin ranar 1 ga Agusta 1952, ranar da ya cika shekara 32, inda ya doke Joaquín Capilla na Meziko. Kafin shi babu namijin da ya taɓa cin zinaren dakali sau biyu a jere.

Duk wannan bai wanke shi a idon wasu ba. Bayan ya yi aikin likitan soja a Koriya, gwamnati ta kuma tura shi ƙasashen Asiya a matsayin jakadan fatan alheri, ya dawo gida a 1955 ya nemi sayen gida a Garden Grove. Dillalai suka ƙi sayar masa saboda launin fatarsa. Sai da jaridu suka yayata maganar, mataimakin shugaban ƙasa Richard Nixon ya sa baki, kafin ya sami muhalli a yankin.

Babban abin da ya bar wa wasan shi ne almajiransa. Tsakanin duba marasa lafiya yake horar da matasa. Bob Webster, wanda shi ma ya yi atisaye a ramin yashi a hannun Lee, ya ci zinaren dakali a Rum a 1960 da Tokyo a 1964, ya kamo tarihin malaminsa. Daga nan sarautar ta koma Italiya, hannun Klaus Dibiasi, wanda ya riƙe ta sau uku a jere, 1968 da 1972 da 1976. Wanda ya matsa masa lamba a karo na ƙarshen, a Montreal, yaro ne ɗan shekara 16 mai suna Greg Louganis, da ya zo na biyu. Lee ne ya horar da shi, har ya ajiye shi a gidansa.

Louganis ya ci gaba a hannun wani koci, Ron O'Brien, ya ci zinare biyu a Los Angeles a 1984 da biyu a Seoul a 1988. Mutane sun fi tuna yadda ya buga kansa a katako a zagayen share fage na Seoul, amma wasan dakalin ne ya nuna inda iska ta kaɗa. Da ƙyar ya tsira da ratar da ba ta kai maki biyu ba daga hannun Xiong Ni na Sin, ɗan shekara 14. Daga 1992 zuwa 2024 an yi Olamfik tara, 'yan Sin suka ci zinaren dakalin maza na ɗaiɗaiku sau shida. Dmitri Sautin na Rasha da Matthew Mitcham na Ostireliya da David Boudia na Amurka ne kawai suka iya karɓe shi daga hannunsu.

Lee ya ga mafi yawan wannan da idonsa. Ya rasu a Disambar 2016 yana da shekara 96, bayan birnin Los Angeles ya sa wa wani dandali a unguwar Koriyawa sunansa, aka kuma raɗa wa wata makarantar firamare sunan Dakta Sammy Lee.