Daga Zangon Fatake Zuwa Tashar Mota: Gidan Ɗantata Na Sarari

Mu da muka tashi a bakin tasha muna karɓar saƙo muna ɗora wa direba, ba kasafai muke tambayar inda sana'ar ta samo asali ba. A tasharmu ta Yasore abin ba wuya: ka kawo buhun rogo ko ƙullin kaya, a rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa a jiki, ɗan kamasho ya yanka kuɗi, ka kwafi lambar direba, shi ke nan. Ba rasit, ba sa hannu, sai amana.

Kafin mota, fatake ne ke wannan aiki. Ayari kan tashi zuwa Gwanja ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata, a dawo da goro. Mai wasiƙa ko sautu, hannunsu yake danƙa wa, ya koma ya jira wata da watanni. Goro kuwa ba ya son jira. Sai an riƙa kwance huhu a hanya, a tsince wanda ya fara ɓaci, a yayyafa ruwa, a sake ganye. Ga kuɗin fito a bakin kogi, ga 'yan fashi. Duk kwanan da aka ƙara a hanya, daga ribar falke ake cire shi.

Mutumin da ya fi kowa gane wannan lissafi shi ne Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, kuma kakansa Baba Talatin daga ƙasar Katsina ya yi ƙaura zuwa Madobi, don haka mu Katsinawa ma muna da ɗan abin tinƙaho a ciki. Ya bi hanyar Gwanja da ƙafa kamar kowa, har ya kai Ankara, babban birnin Gana na yau. Wajen 1906 sai ya fara ɗora goronsa a jirgin ruwa zuwa Ikko. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta 'yan makonni. Ba kamfanin aika saƙo ya buɗe ba, kada a ce na ƙara gishiri. Amma a ganina shi ne na farkon da ya nuna wa Bahaushe cewa saurin isar da kaya shi kansa haja ce.

Da ya tare a Kano, a Sarari ya gina gida, gefen Koki, lokacin wurin fili ne kamar yadda sunan ya nuna. Gidan attajirin wancan zamani ba wurin kwana kaɗai ba ne. Nan ne ofis, nan ne sito, nan ne masaukin baƙi. A zaure ake ba yaran gida jari su fantsama ƙauyuka sayen gyaɗa, musamman bayan 1918 da ya zama wakilin kamfanin Niger Company, a zauren kuma suke dawowa a yi lissafi. A 1929, raƙuma 20 suka kai kuɗinsa na azurfa ajiya a reshen bankin Bank of British West Africa na Kano. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a cikin gidan.

'Ya'yansa suka ɗora. Sanusi ya zuba manyan motocin dako, Mahmudu ya kama jigilar alhazai, har sunan ƙungiyarsa, WAPA, ya zama sunan wuri a Fagge.

Sauran labarin kowa ya sani. Gidan waya ya yi zamaninsa, ƙungiyar direbobi ta NURTW ta kafu a 1978, NIPOST ta zo a 1985, su DHL suka cika manyan birane. Sai dai ba su ke kai kaya ƙauyukan Batsari da Safana ba; a-kori-kura ce da ɗan acaɓa. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da namu biyun, sai ga shi mun koma gidan jiya. Takarda a aljihun direba, saƙon baka a bakin karen mota: “Ka gaya wa Inna kaya sun iso, Yaya na gaishe ta.” Sanayya ce ta riƙe sana'ar a watannin nan, irin wadda ta riƙe ayari.

A Amurka, Henry Wells, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanonin aika saƙo na American Express a 1850 da Wells Fargo a 1852, har yau gidansa mai suna Glen Park yana nan a garin Aurora na Jihar New York. Mu ma ba mu rasa abin nunawa ba. Ina roƙon zuri'ar Ɗantata da hukumar tarihi ta Jihar Kano su keɓe ko da zaure ɗaya ne a Sarari, a jera tsofaffin wasiƙu da littattafan lissafi da sikelin gyaɗa, a buɗe wa ɗalibai da 'yan tasha su shiga su gani.