Tsohuwar libarba a cikin kayan gado: Yadda ake gane shekarunta, darajarta da hukuncinta

A tsofaffin gidaje na Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi, har zuwa ƙauyuka irin su Ɗan Isa, akan iya buɗe akwatin ƙarfen wani dattijo bayan rasuwarsa a tarar da lambobin yaƙi da takardar sallama daga soja, wani lokaci kuma da ƙaramar bindiga naɗe a cikin tsumma. Ita ce Hausawa ke kira libarba, wato bindigar hannu mai gidan harsashi zagayayye, yawanci mai rami shida, wanda ke juyawa duk lokacin da aka ja kunama. Magada kan fara da tambaya biyu: ta wane zamani ce, kuma nawa za ta yi? Amsar ta farko tana rubuce a jikin ƙarfen ga wanda ya iya karantawa. Amsar ta biyu kuwa ta rataya ne a kan wata tambaya ta uku da ta fi su nauyi, wato abin da doka ta ce game da wanda aka samu da ita.

Yadda ta shigo ƙasar Hausa

Ba'amurke Samuel Colt ne ya yi rajistar ƙirar libarba a 1836, amma wadda ta fi yawa a Arewacin Najeriya ta Ingila ce. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin ƙasashen Afirka, ta bar wa 'yan ƙasa bindigar toka da albarushinta. Saboda haka libarba ta zama makamin hafsan soja da jami'in mulki, ba hajar kasuwa ba.

Rundunar da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma a 1897 ƙarƙashin Lugard ita ce ta ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a Maris na wannan shekara. Tsakanin yaƙoƙin biyu aka gwabza a Kwatarkwashi, a cikin ƙasar Zamfara, inda Wazirin Kano Ahmadu ya kwanta dama. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya kawo ma'aikata da wakilan kamfanonin sayen gyaɗa da auduga. Sannan dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 tsakanin 1943 da 1945. Waɗannan su ne zamunan da ya kamata a fara auna tsohuwar libarba da su idan ta ɓulla a wannan yanki.

Karanta shekarunta

Abin dubawa na farko shi ne ƙira. Libarbar Ingila ta kamfanin Webley da ta masana'antar gwamnati ta Enfield karyewa suke yi a tsakiya, hancin ya sunkuya ƙasa, kwanson harsashi ya tunkuɗo waje. Ta Amurka, irin Smith & Wesson da aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita, gidan harsashinta ne ke ficewa ta gefen hagu.

Sojan Ingila ya karɓi Webley Mark I a 1887, mai faɗin baki inci 0.455. Mark IV ta fito a 1899, Mark V a 1913, sai Mark VI a 1915. Biyar na farko ƙotarsu lanƙwasasshiya ce kamar kan tsuntsu, ita kuwa Mark VI ƙotarta mai kusurwa ce, tsawon hancinta inci 6, kuma akan buga shekarar ƙira a gangar jikinta. A 1932 aka koma wa Enfield No. 2 mai faɗin baki inci 0.38. Wadda aka gyara a 1938 ba ta da ɗan kunnen nan na baya da ake ɗanawa da babban yatsa, kuma ana gane ta da wannan tun daga nesa. Akwai kuma wata Webley Mark IV mai baki 0.38 ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda sau da yawa aka buga mata WAR FINISH domin nuna cewa an yi ta cikin gaggawar yaƙi ba tare da gogewa ba. Ba ita ce Mark IV ta 1899 ba. Suna ne kawai ya zo ɗaya, kuma da dama sun ruɗe a nan.

Sunan kamfani ma sheda ne. P. Webley & Son shi ne tsohon suna. A 1897 kamfanin ya haɗe da na Scott ya zama Webley & Scott Revolver and Arms Co., a 1906 kuma aka gajarta shi zuwa Webley & Scott Ltd. Ita kuwa Smith & Wesson da lambarta ta fara da harafin V, an ƙera ta ne tsakanin 1942 da 1945.

Abu na uku shi ne hatimi. Alamar kan kibiya mai layi uku tana nufin mallakar gwamnatin Ingila ce. Idan kibiya biyu suka fuskanci juna, an sallame ta daga aikin soja an sayar. Haruffan DP suna nufin an ware ta don atisaye kawai, ba a yarda a harba ta ba. Sai hatiman gidajen gwajin bindiga. Na Birmingham, wanda aka kafa a 1813, yana buga kambi bisa haruffan BP da BV da NP daga 1904, daga tsakiyar shekarun 1950 kuma ya koma kambi bisa BNP. Na Liège a Beljiyam yana buga ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma daga 1893 aka ɗora wa da'irar kambi.

Akwai tarko a nan. Hatimin gwaji yana nuna lokacin da aka gwada bindiga ne, ba lokacin da aka ƙera ta ba. Webley ta 1916 da soja ya sayar bayan shekara arba'in za ta iya ɗaukar BNP, domin an sake gwada ta kafin ta shiga hannun 'yan kasuwa. Shi ya sa masana ba sa yanke hukunci da alama guda, sai ƙira da sunan kamfani da lamba da hatimi sun gaskata juna.

Abin da ke ɗaga daraja da abin da ke karya ta

A ƙasashen da doka ta yarda da tara tsofaffin makamai, kamar Amurka, abin da ake fara nema shi ne lambar da ke gangar jiki ta yi daidai da ta hanci da ta gidan harsashi. Idan suka sha bamban, an harhaɗa ta ne daga bindigogi daban-daban, farashinta kuma ya faɗi. Na biyu shi ne asalin launin ƙarfe. Bindigar da ta koɗe don tsufa ta fi wadda aka kankare aka shafa wa fenti, domin kankara tana cinye hatimi, hatimi kuwa shi ne takardar haihuwarta. Magajin da ya ɗauki yashi ko toka don ya haskaka ta, tarihinta yake sharewa.

Na uku shi ne lafiyar ƙarfe. Tsatsar da ta tsaya a sama daban take da wadda ta haƙa ramuka a cikin hanci. Gidan harsashin da ke girgiɗi, ko wanda raminsa bai daidaita da hanci ba, yana iya tarwatsewa a hannun mai harbi. Haka nan tsofaffin da aka ƙera don baƙin albarushi ba sa jure ƙarfin harsashin zamani. Dalilin da ya sa ke nan aka ƙara wa gidan harsashin Mark V kauri. Webley masu yawa da aka kai Amurka bayan yaƙi an rage musu bayan gidan harsashi don su ci harsashin can, abin da ya rage musu daraja ya kuma ƙara musu haɗari.

Na huɗu, wanda sau da yawa ya fi sauran, shi ne sanin hannun da ta fito. Takardar sallama, hoton mai ita da kaki, lambar bataliyarsa, ko wasiƙar da ta ambace ta, su ne ke mayar da guntun ƙarfe ya zama kayan tarihi. Labarin baka cewa wani Bature ne ya ba kaka ita, idan babu takarda, ba ya ƙara ko kwabo.

Jabun ƙira

Ba duk mai tambarin Webley ba ce Webley. Maƙeran yankin Khyber, musamman garin Darra Adam Khel na Pakistan, sun daɗe suna kwaikwayon bindigogin Ingila, akan kuma gane aikinsu ta kuskuren rubutu ko harafin da aka buga a juye. Masana'antun Eibar a Sifen sun kwaikwayi Smith & Wesson, na Beljiyam kuma sun yi ƙananan libarba masu araha a kan ƙirar Ingila. A nan gida ma akwai ƙirar maƙera, wadda ake ganewa da sawun zarto, da tabon walda, da haruffan da ba su zauna a layi ɗaya ba.

Abin da doka ta ce

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959, wadda ake aiki da ita har yau, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da danginta suna ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigar farauta tana buƙatar lasisin Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Libarba da fistol kuwa, har da tsofaffi masu ƙyastu, an jera su cikin haramtattun makamai tare da mashinga da bindigar soja, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izinin riƙe su. Hukuncin mallakarsu ba da izini ba ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Tsufan bindiga ba kariya ba ne, haka ma cewa gadonta aka yi, domin lasisi na wanda aka ba ne, ba ya zama na magada don mai shi ya rasu.

Ko a watan Yunin 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta yi kira ga mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga, hukumomin tsaro na tarayya sun nuna cewa gwamna ba shi da wannan hurumi. A yankin da ake binciken motoci a kan hanyar Gusau zuwa Ƙauran Namoda da ta Shinkafi, ɗan kasuwa ko ma'aikacin da aka samu da libarba a jaka zai sha wahala kafin ya gamsar da kowa cewa kayan tarihi ya ɗauko. Farashin da ake gani a intanet na gwanjon ƙasashen waje ne. A nan babu halastacciyar kasuwar da magaji zai kai ta, don haka sanya mata kuɗi a lissafin rabon gado yaudarar kai ce.

Abin da ya fi wa iyali aminci shi ne su ɗauka da harsashi a cikinta, kada a ja kunama, kada a bar yara kusa da ita, kada kuma a yi tafiya da ita. A ɗauki hoton rubuce-rubucen jikinta da lambarta a inda take, a haɗa da takardun marigayin. Daga nan a sanar da 'yan sanda ta hannun lauya ko hakimi, a miƙa ta, a karɓi shedar miƙawa a rubuce. Idan alamunta sun nuna tana da tarihi, iyali na iya neman a tuntuɓi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, mai kula da Gidan Makama a Kano da Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia. Lambobin yaƙi da hotuna da takardar sallama kuwa suna nan a hannun magada, kuma su ne ke ɗauke da sunan dattijon, da rundunarsa, da shekarun da ya yi yana aiki.