Sautun Bindiga a Dokar Tarayyar Amurka: Nazari a kan Shari'ar Abramski da Giɓin Cinikin Bayan Kanti

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci matsayin mutumin da ya sayi bindiga a madadin wani a ƙarƙashin dokar tarayyar Amurka, bisa hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Abramski ta 2014 da gyaran dokar 2022. Ta nuna cewa hukunci ya rataya ne a kan ƙaryar da aka yi wa dillali a kanti, alhali hanyar da bindigar ke bi bayan ta bar kantin tana da ƙarancin sa ido ƙwarai.

Tushen dokar

Dokar Kula da Bindigogi ta 1968, wadda aka zartar a shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, ita ce ta ɗora tsarin a kan dillali mai lasisi. Shi ne mai tsaron ƙofa: ya tantance mai saye, ya ajiye bayanansa, ya hana wanda doka ta haramta wa, kamar wanda aka taɓa ɗaurewa kan babban laifi. Dokar Brady ta 1993 ta ƙara sharaɗin binciken tarihin mai saye, aikin da hukumar FBI ta fara gudanarwa ta kwamfuta a 1998. Kowane mai saye yana cike fom mai lamba 4473 na hukumar ATF, kuma a ciki akwai tambayar ko shi ne ainihin mai sayen. Sashe na 922(a)(6) na dokar ya haramta yi wa dillali ƙarya a kan duk abin da ya shafi halaccin cinikin.

Shari'ar Abramski

A 2009 Bruce Abramski, tsohon ɗan sanda a jihar Bajiniya, ya karɓi sautun ƙaramar bindiga ƙirar Glock 19 daga kawunsa mazaunin Pensilbaniya, domin yana sa ran samun rangwamen da ake yi wa 'yan sanda. Kawun ya aiko da cakin dala 400, har ya rubuta sunan bindigar a jikinsa. Abramski ya shiga kanti, ya amsa cewa shi ne mai saye, daga baya ya miƙa bindigar ga kawun ta hannun wani dillali mai lasisi. Abin lura shi ne kawun ba ya cikin waɗanda aka haramta wa mallakar makami. Da ya je wurin dillali a jiharsa da ƙafarsa, da an sayar masa. Asirin ya tonu ne lokacin da jami'an tarayya suka ga rasit a gidan Abramski suna binciken wani zargi dabam.

Kafin nan kotunan ɗaukaka ƙara sun rabu. A shari'ar Polk ta 1997, Kotun Yanki ta Biyar ta ce babu laifi idan mai sautun ya cancanci mallakar bindiga, wasu kotunan kuma suka ƙi wannan fahimta. A ranar 16 ga Yuni 2014 Kotun Ƙoli ta raba gardama da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Mai shari'a Elena Kagan ta kafa hujja da cewa dukan tsarin, daga ganin mai saye ido da ido zuwa binciken tarihinsa da ajiye sunansa, zai zama aikin banza idan ɗan aike ne ake tantancewa. Dillalin da ya san gaskiya ba zai iya kammala cinikin bisa doka ba, saboda haka ƙaryar ta taɓa halaccin cinikin ko da kawun mutumin kirki ne.

Mai shari'a Antonin Scalia, tare da Roberts da Thomas da Alito, ya ƙi amincewa. A ganinsa wanda ya tsaya a kanti ya biya shi ne mai saye a ma'anar da kowa ya sani, kuma idan dokar laifi ta zo da harshen damo, wanda ake tuhuma ake yi wa sassauci. Ya kuma nuna wani abu mai wuyar turewa: fom ɗin da kansa ya yarda mutum ya sayi bindiga da kuɗinsa don ya ba wani kyauta, kuma ba a binciki mai karɓar kyautar ba.

Inda giɓin yake

A nan ya kamata a dakata. Ra'ayin wannan maƙala shi ne masu rinjaye sun yi daidai a fassarar dokar, domin Dokar Kare Masu Bindiga ta 1986 ta hana gwamnatin tarayya kafa rajistar masu makamai. Idan aka tsinci bindiga a wurin da aka yi kisa, cibiyar bin sawu ta ATF da ke Martinsburg tana bi ne daga kamfanin da ya ƙera zuwa babban ɗan kasuwa, zuwa dillali, zuwa sunan da ke kan fom. Sunan ƙarya a wannan gaɓa yana katse zaren gaba ɗaya.

Amma ƙorafin Scalia bai mutu ba. Mutum uku na iya kai bindiga iri ɗaya hannun mutum ɗaya: na farko da kuɗin mai sautu, na biyu a matsayin kyauta, na uku ya saya don kansa sannan ya sayar bayan wata guda. Na farko kaɗai ya yi laifin tarayya. Dokar tarayya ba ta tilasta binciken tarihi tsakanin mutum biyu marasa lasisi mazauna jiha ɗaya. Sashe na 922(d) yana kama mai sayarwa ne kawai idan ya sani, ko yana da dalilin zaton, cewa mai karɓa haramtacce ne. Tabbatar da abin da ke zuciyar mutum kuwa aiki ne ja a gaban kotu. Uku daga cikin bindigogi huɗu da aka yi amfani da su a harin makarantar Columbine a 1999, wata matashiya ce ta sayo wa maharan daga masu sayarwa marasa lasisi a baje kolin makamai, ba fom ba bincike, kuma ba a gurfanar da ita ba. Abramski, wanda ya bi ta dillali har sau biyu, shi aka samu da laifi.

Gyaran 2022

Bayan kisan yara a makarantar Uvalde ta jihar Tekzas, Shugaba Biden ya sa hannu a sabuwar doka ranar 25 ga Yuni 2022. Sashe na 932 da ta ƙara ya mai da sautun bindiga laifi mai zaman kansa, da ɗaurin da zai kai shekara 15, ko 25 idan mai sayen ya san ko yana da dalilin zaton za a yi babban laifi, ta'addanci ko fataucin ƙwayoyi da ita. Sai dai sashen ya shafi wanda ya san, ko ya kamata ya gane, cewa mai sautun haramtacce ne ko yana da mugun nufi. Mutum irin Abramski har yanzu tsohon sashen ƙarya ne zai kama shi, kuma cinikin bayan kanti bai samu sharaɗin bincike na bai-ɗaya ba.

Jihohi ne suka ɗauki wannan nauyi a rarrabe. Kalifoniya ta daɗe da wajabta bi ta dillali, Kolorado ta bi sahu a 2013, masu zaɓe a jihar Washintan suka amince da haka a 2014, Pensilbaniya kuma tana buƙatar hakan ga ƙananan bindigogi. Saboda haka ciniki ɗaya yana iya halatta a wannan jiha ya zama laifi a maƙwabciyarta, kuma sashe na 922(a)(5) ya hana mara lasisi miƙa bindiga kai tsaye ga mazaunin wata jiha.